Kafin a Sayi Ragon Suna, a Duba Inda Hayaƙi Ke Fita



A duk ranar awo akwai tambayoyin da muke yi wa mace. Ina za ki haihu? Wa zai kawo ki idan naƙuda ta tashi da tsakar dare? An ware kuɗin mota? Wa zai ba da jini idan buƙata ta taso? Ni kuwa na daɗe da ƙara tambaya guda a kan waɗannan: "A ina kike girki, kuma ta ina hayaƙin yake fita?" Wata ta yi dariya, wata ta ce, "Malama, me ya haɗa murhu da awon ciki?" Wannan rubutu shi ne amsata.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: gidan da ake jiran haihuwa, wajibi ne a yi wa hayaƙi hanyar fita kafin watan haihuwa ya kama. Idan kuma bututu aka sa, to inda ya ratsa rufin ɗaki nan ne wurin da ya fi buƙatar kula, domin nan ne gobara ke somawa. Wannan aiki yana cikin shirin haihuwa kamar yadda kayan jariri da ragon suna suke ciki, kuma nauyinsa yana wuyan maigida.

Abin da na gani da idona

Ni 'yar ƙasar Kabo ce, a wani ƙauye aka haife ni, kuma kafin in zo birni na yi aikin ungozoma a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Gwarzo. Wani dare cikin watan Janairu, ana tsakiyar hunturu, aka kawo mana wata maijego kwana tara da haihuwa. Kanta na sarawa, tana amai, ba ta iya tsayuwa da ƙafarta. Jaririn kuwa ya yi laushi, an sa masa nono ya ƙi kamawa. Kakarsa da ta kwana tare da su ita ma jiri take gani. 'Yan rakiya sun riga sun yanke hukunci, wasu na cewa iska ce, wasu na cewa sanyi ne ya shige ta.

Na tambayi kakar, "Inna, akwai wuta a ɗakin?" Ta ce, "Ƙwarai kuwa 'yata, kasko biyu na gawayi. Taga ma na toshe ta da tsumma kada sanyi ya taɓa yaron." Nan take muka gane inda matsalar take. Allah ya sa an zo da wuri, dukansu uku suka farfaɗo. Har yau ba na ganin laifin wannan tsohuwa. Ƙauna ce ta sa ta toshe tagar. Ba a taɓa gaya mata cewa wutar gawayi a rufaffen ɗaki guba take fitarwa ba. Laifin namu ne mu ma'aikatan lafiya da muke auna ciki wata da watanni ba mu tambayi halin da ɗakin yake ciki ba.

Me hayaƙi ke yi wa mai ciki da jariri?

Abu biyu ne a cikin hayaƙin itace, da kara, da totuwar masara, da kashin shanu, da gawayi.

Na farko wata iska ce da ake kira kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa ido hawaye. Shi ya sa gawayin da ya yi jajir, wanda ake ganin "ya daina hayaƙi", yake yaudarar mutane. Jini yana kama wannan iska fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau sama da 200. Idan ta shiga jinin uwa, takan ƙetara ta mabiyiya zuwa ga ɗan da ke ciki, kuma jininsa ya fi na uwar riƙe ta, ya fi daɗewa kafin ya rabu da ita. Saboda haka uwa tana iya jin ta warware alhali ɗan cikin yana nan yana wahala.

Na biyu su ne ƙananan ɓurɓushin baƙin hayaƙi da ke shiga can cikin huhu. Kunkunniyar da kuke gani ta yi baƙi ƙirin a rufin ɗakin girki, irinta ce mai girkin take shaƙa kullum. Jariri sabon haihuwa yana numfashi sau 40 zuwa 60 a minti ɗaya, babba kuwa sau 12 zuwa 20. Ga hanyoyin numfashinsa ƙanana, ga shi a goye a bayan uwa, kansa daidai inda hayaƙi ke tashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Hukumar ta kuma danganta kusan rabin mace-macen ƙananan yara daga ciwon nimoniya da irin wannan hayaƙi. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna matan da ke girki cikin hayaƙi sun fi haifar jarirai marasa nauyi, wato waɗanda ba su kai kilo 2.5 ba. Duk ungozoma ta san irin faman da ake sha da ƙaramin jariri a makonnin farko.

A jego ne kuma wuta ta fi yawa a gida. Kwana arba'in ana dafa ruwan wanka safe da yamma, ana dama kunu, ana girkin baƙi, idan sanyi ne a ƙara da kasko a ɗaka. Wato dai lokacin da jariri ya fi rauni shi ne lokacin da hayaƙi ya fi yawa.

"Ai kakanninmu haka suka yi"

Wannan ita ce maganar da na fi ji, kuma ba na raina ta. Amma mu duba irin ɗakin da kakanninmu suka kwana. Ɗakin jinka ne, hayaƙi na tsiyayewa ta cikin ciyawa da ƙarƙashin baki, ƙofa kuwa asabari ne ko tufaniya. Yau ku bi hanyar Kano zuwa Gwarzo, daga Rimin Gado ku wuce Kabo, ku shiga Garo ko Getso ko Kutama, ku ga yadda gini ya sauya: bulo da siminti, rufin kwano, silin, ƙofar ƙarfe, tagar gilas. Ɗakin yau tulu ne mai murfi. Mun sauya ɗakin, amma wutar tana nan yadda take. Sannan kada mu manta, a wancan zamanin ma yara da yawa sun tafi da abin da ake kira "sanyin haƙarƙari", ba wanda ya tuhumi murhu.

Tun daga 2023 da kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo, gidaje da yawa da suka fara girki da gas ko risho sun koma itace da gawayi. Wasunsu a cikin ɗakin girkin da aka gina don gas suke hura itacen, ba taga babba, ba mafitar hayaƙi. Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar girki mai tsafta ta ƙasa a 2024, amma kafin amfaninta ya iso kowane gida, mai ciki wata bakwai ba za ta iya jira ba.

Bututu yana da amfani?

Yana da shi. An gwada wannan a ƙasar Gwatamala, a ƙauyukan kan tsauni inda ake girki da itace a cikin ɗaki. An ɗauki gidaje sama da 500 masu mai ciki ko ƙaramin yaro, aka gina wa rabinsu murhu mai bututu, rabi suka ci gaba da buɗaɗɗen murhu. Sakamakon da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2011 ya nuna hayaƙin da yaran ke shaƙa ya ragu da kusan rabi, nimoniya mai tsanani kuma ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ciwon bai ɓace gaba ɗaya ba, domin bututu rage hayaƙi yake yi, ba ya kawar da shi duka. Gas ya fi shi tsafta, girki a fili kuma ya fi girki a rufaffen ɗaki. Amma ga matar da damina ko hunturu ya tilasta mata girki a ƙarƙashin rufi, rufaffen murhun laka ko na bulo mai bututu ya fi murhun duwatsu uku nesa ba kusa ba.

A lura, bututu ba ya aiki shi kaɗai. Idan aka kafa shi a saman buɗaɗɗen murhu, hayaƙi zai bi inda ya ga dama. Sai an gina murhun a rufe, da bakin sa itace a gaba, da ramin da tukunya za ta zauna daram, sannan bututun ya tashi daga baya.

Inda bututun ya ratsa rufi

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da matar yayana ta samu ciki na uku, ni na matsa masa ya yi mata murhu mai bututu. Ya yi, Allah ya saka masa. Aka huda kwanon ɗakin girki aka zura bututun ƙarfe. Da ruwan farko ya sauka, sai ya riƙa zuba ta gefen bututun yana kashe mata wuta. Yayana ya hau sama ya cusa yankin tsohuwar katifar soso da buhun taki a ramin, ya bi da leda. Ruwa ya daina zuba, kowa ya ji daɗi.

Ranar suna, an kwana ana hura wuta an wuni ana hurawa, sai wata yarinya ta ga hayaƙi na fita daga inda bai saba fita ba. Sosan ya kama, yana ɗiga da wuta, katakon da ke kusa ya fara ci. Da yake rana ce kuma gida cike yake da maza, aka kashe da bokitai. Da dare ne, ga ɗakin maijego bango ɗaya ya raba su, ban san abin da zan rubuta yau ba. Na ce masa, "Yaya, me ya kai ka sa soso a jikin bututun wuta?" Ya ce, "Ke kika ce in sa bututu, ba ki gaya mini abin da zan toshe ramin da shi ba." Gaskiyarsa. Tun daga ranar na nemi sanin abin a wajen magina da maƙera da ma'aikatan kashe gobara, kuma na daina ba da rabin shawara.

Abin da na koya shi ne, bututun ƙarfe mai falle ɗaya yakan yi zafin da ya ninka na tafasasshen ruwa idan wuta ta daɗe tana ci. Ba sai harshen wuta ya taɓa katako yake kamawa ba. Katakon da ke shan zafi kullum yakan bushe, ya yi duhu, ya zama kamar gawayi a hankali, har ya kai matsayin da zafi kaɗan ya isa ya tayar da shi. Shi ya sa za a yi shekara biyu lafiya, a ce ai ba komai, rana ɗaya rufi ya kama. Haka kuma duk abin da aka cusa a jikin bututun yana hana zafi watsewa, sai ya taru wuri guda. Gurbin da ke tsakanin bututu da katako ba kuskuren kafinta ba ne da za a cike. Wannan iskar da ke zagayawa a wurin ita ce mai gadin gidan.

A ƙasashen da ake ɗumama ɗaki da murhun itace, doka ce ta tsara wannan. A Amurka ana barin inci 18 tsakanin bututu mai falle ɗaya da duk abin da ke cin wuta, kuma ba a yarda irin wannan bututu ya ratsa silin haka tsirara ba. Sai an sa na musamman mai riɓi biyu, shi ma a bar masa inci 2 a kewaye. A Ingila ƙa'idar ita ce a bar ninki uku na faɗin bututun. Mu da yawanci bututun maƙera mai falle ɗaya muke samu, mu riƙe inci 18. Abin sauƙi ne a tuna, domin shi ne kamu ɗaya, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa.

Abin da za a gaya wa mai aikin

Maigida, ga abin da za ka tsaya a kai ranar da magini ko kafinta ya zo. Kada ka bar wa yara, ka tsaya da kanka.

Na ɗaya, bututun ya zama na ƙarfe mai kauri, ko na yumɓu da aka gasa irin na indararo, ko kuma a gina shi da jan bulo. Bututun roba na ruwa ba ya shiga wannan aiki ko kusa. Idan ka samu tsohon bututu ko falle na asbestos, kada a yanka shi, ƙurarsa tana lalata huhu.

Na biyu, a rufin kwano, a huda a tsakiyar fili tsakanin katakai, a bar kamu ɗaya ta kowane gefe. Idan katakan sun matsu, kafinta ya yanke wanda ya tsaya a hanya ya ɗaure rufin ta wani wurin. Inda hakan ya gagara, a kare katakon da fallen kwano, amma a bar tazarar inci ɗaya tsakanin fallen da katakon don iska ta riƙa wucewa. Kwanon da aka manna a jikin katako kai masa zafi yake yi, ba ya kare shi.

Na uku, idan akwai silin, ko na kwali ne ko na katako ko na roba, a yanke shi a kewaye kamu ɗaya, a rufe gurbin da fallen ƙarfe wanda aka huda daidai faɗin bututun. A leƙa cikin silin a tabbatar ba wayar lantarki, ba sheƙar tsuntsu, ba tarkace a kusa.

Na huɗu, a soron ƙasa kada a ruɗu da ganin laka. Azara itace ce, haka zana da karan da aka shimfiɗa a kanta. A gina wa bututun riga mai kauri da jan bulo ko laka zalla daga ƙasan rufin har samansa, kuma kada azara ta shiga cikin rigar. Lakar da za ta taɓa bututun kada a cuɗa ta da ciyawa ko ƙaiƙayi, a haɗa ta da yashi da toka.

Na biyar, a ɗakin jinka shawarata ita ce kada bututu ya ratsa ciyawa sam. A fitar da shi ta bangon ƙasa, a nisanta shi da bakin jinka, sannan a miƙe da shi sama har ya wuce rufin sosai. Haka ma a sauran ɗakuna, fita ta bangon bulo ko na ƙasa ta fi huda rufi kwanciyar hankali, ga shi ba ruwan da zai zuba.

Na shida, maganin yoyo ƙarfe ne. Maƙeri ko mai walda zai yi maka faifan kwano mai wuya kamar mazurari, a zura shi a bututun, gefensa na sama ya shige ƙarƙashin kwanon rufi, na ƙasa ya kwanta a kansa, ruwa ya gangare. A sama da shi a ɗaura wani ƙaramin zobe kamar malafa. Kada a sa soso, ko tsumma, ko buhu, ko leda, ko kwali, ko robar taya, ko kwalta. Duk abin da ashana za ta iya kunnawa ko ta narkar, ba ya zuwa kusa da bututu.

Na bakwai, bututun ya ɗaga aƙalla ƙafa uku sama da inda ya fito daga rufi, ya kuma fi tsayin duk abin da ke kusa da shi. Gajeren bututu ba ya jan hayaƙi, iskar hunturu sai ta mayar da shi ɗaki. A yi masa hula don ruwa, a ɗaure shi da waya kada guguwar farkon damina ta karya shi. A duba kada bakinsa ya fuskanci tagar ɗakin kwana, ko rumbu, ko tarin kara da harawar da ake ajiyewa a kan rufi bayan kaka.

Na takwas, idan an gama a gwada kafin mai ciki ta shiga. A hura wuta sosai na awa guda, ƙofa a buɗe, domin sabon kwano da fenti suna fitar da nasu warin a ƙonawar farko. Sannan ka ɗora tafin hannunka a kan katakon da ya fi kusa da bututun. Idan ba za ka iya barin hannun a wurin ba, aikin bai yi ba, a sake.

Aiki bai ƙare ranar da aka biya magini ba. Kunkunniya da wani baƙin danƙo kamar kwalta suna taruwa a cikin bututu, musamman idan ana hura ɗanyen itace. Suna toshe hanya, kuma su kansu suna kamawa da wuta. A riƙa bubbuga bututun ana zura sanda mai tsumma a ƙalla sau ɗaya a wata, idan ya huce, a ƙara yawan sharar a kwanakin jego. Ranar da kuka ga hayaƙi ya fara dawowa ta bakin murhu, ko katako ya canza launi, ko tsatsa ta huda bututun, a kashe wuta a gyara.

Amsa ga masu uzuri

Wani zai ce ba kuɗi. Na san halin da ake ciki, ni ma albashi nake jira. Amma mu yi lissafi tsakaninmu da Allah. Fallen kwano ɗaya, da bututu, da ladan maƙeri, ba su kai kuɗin ƙafar rago ɗaya ba. Busasshen itace a rufaffen murhu kuma ya fi auki, don haka itacen jegon da maigida ke tarawa zai fi daɗewa. Wanda ko wannan ya gagare shi, akwai abin da ba ya cin ko kwabo: a dafa ruwan wanka a tsakar gida, a yi girki a rumfa mai buɗaɗɗen gefe, a buɗe tazara tsakanin bango da rufi, a sauke jariri daga baya a ba wata ta riƙe shi nesa da murhu.

Wata za ta ce hayaƙi na korar sauro. Korar da yake yi ba ta kai ta gidan sauro mai magani ba, wanda shi ba ya taɓa huhun kowa. Ki kwana a cikinsa ke da jaririnki, ki kuma sha maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake ba ki a wajen awo.

Iyayenmu kuma za su ce sanyi zai kama maijego da ɗanta. Gaskiya ne jariri ba ya son sanyi, musamman ƙarami, kuma mu ma muna yaƙi da shi. Amma abin da ya fi ɗumama jariri shi ne jikin uwarsa. A kwantar da shi a ƙirjinta fata da fata, a sa masa hula da safa, a lulluɓe su tare, a ba shi nono akai-akai. Idan dole sai an gasa ɗaki, a yi da ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta. Ba a kwana da garwashi a ɗaki, ko da an rufe shi da toka. Janareta ma haka, irin wannan gubar yake fitarwa, wurinsa waje nesa da taga, ba zaure ko lungun ɗaki ba.

Ga mai ciki na fari da za ta tafi goyon ciki ko wankan gida, a duba ɗakin girkin gidan iyayenta ma. Surukin kirki zai iya aika kuɗin wannan gyara tare da itacen wanka, ba wanda zai ce ya yi rashin kunya.

Yaushe za a garzayo asibiti?

Idan mutum biyu ko fiye a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko kasala, kuma akwai wuta ko janareta a kusa, a fitar da kowa waje nan take, a buɗe ƙofa da taga. Kada a tsaya ba da manja ko madara, ba sa cire wannan guba. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe, a nemi mota. Mai ciki kuwa ta zo asibiti ko da ta ji sauƙi, balle idan motsin ɗan ya ragu.

Jaririn da bai kai wata biyu ba, idan yana numfashi sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko ƙirjinsa na faɗawa ciki sosai, ko ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko ya yi laushi ba ya motsi sai an taɓa shi, a kai shi asibiti mafi kusa a wannan lokacin. Mutanen Gwarzo da Kabo kada ku ce sai kun iso Kano. Ku fara da asibitin da ke kusa da ku ko Babban Asibitin Gwarzo, idan abin ya fi ƙarfinsu su za su turo ku Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ƙuna kuma a zuba mata ruwa mai sanyi mai tsafta na minti 20, kada a shafa ƙwai ko man goge baki ko toka.

Kira na ƙarshe

Ina kira ga 'yan uwana ungozomomi da ma'aikatan lafiya na karkara mu sa tambayar murhu cikin tambayoyin awo. Ina kira ga masu unguwanni da limamai su riƙa tunatarwa kafin hunturu ya shigo. Maƙera da kafintoci da magina kuma ku ji tsoron Allah, kada ku huda rufin mutum ku tafi ku bar shi da ramin da zai toshe da soso.

Ke kuma 'yar uwata, idan kin koma gida yau, ki ɗaga kai ki dubi rufin da kike girki a ƙarƙashinsa. Idan ya yi baƙi, hayaƙi ba shi da hanya. Idan akwai bututu, ki duba abin da ke taɓa shi. Sannan ki miƙa wa maigida wannan takarda, ki ce malamar awo ce ta aiko, kuma za ta tambaya a zuwa na gaba. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya raba ku lafiya, ya raya abin da za ku haifa, ya tsare gidajenmu daga gobara. Amin.